GIDA YA CIKA MAI GIDA NA DA RAI: Mako Guda A Unguwar Madaki, Gombe

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ko Badun ko Abekuta ya san yadda ranar Asabar take a can. Tun da hantsi za a tare titi da rumfuna da kujeru, mata su fito cikin anko, makaɗa su kafa kayansu, in ka tambaya a ce maka ai wance ce ta cika shekara 70, ko kuwa wane ne ya cika 80. Maƙwabtanmu Yarabawa sun ɗauki wannan al'amari da girma ƙwarai, har ɗa yakan ci bashi don ya fid da tsohonsa kunya. Mu kuwa ba mu gaji haka ba. Tarukanmu na gida sanannu ne, watau suna ran bakwai, da kaciya, da saukar karatu, da aure, sa'an nan zaman makoki in ta Allah ta kasance.

To, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. 'Ya'yanmu da suka daɗe a Kurmi sun fara komowa gida da wannan al'ada, kuma in sun zo da ita ba a rasa 'yar gardama. A watan Agusta na 2025, lokacin babban hutun makaranta, an yi irin wannan taro a wani gida da ke unguwar Madaki cikin garin Gombe, inda mai gidan ya cika shekara 80. Mutanen gidan sun yarda na zauna tare da su mako guda, bisa sharaɗin kada a ambaci sunan kowa. Ga yadda makon ya kasance.

LAHADI: ISOWAR BAƘI

Mai gidan Bafulatani ne haifaffen Gombe. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ƙarfi a kamfanin auduga na BCGA, wanda har yau ake kiran wata unguwa da sunansa, daga baya ya koma sayar da goro. Yana da 'ya'ya 9 masu rai, 4 daga cikinsu suna Kurmi. Babban yana fataucin goro a Sabon Shagamu, mai bi masa yana harkar albasa da tumatir a kasuwar Mil 12, babbar 'yar tana aure a Agege, ɗaya kuma direban babbar mota ne da ke lodi a Apapa.

Rabon da su huɗun nan su kwana ƙarƙashin rufi ɗaya tun rasuwar uwargidan mahaifinsu, shekara 9 ke nan. Ba rashin so ba ne. Daga Ikko zuwa Gombe tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, a bi ta Lokoja da Abuja da Jos da Bauchi, a wuce Alkaleri kafin a hango gari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, har mai iyali yakan yi lissafi sau uku kafin ya ɗebo yara. Jirgin ƙasa da iyayenmu suke hawa daga Iddo, ya bi da su ta Kafanchan da Kuru da Bauchi, an daɗe ba a ji kukansa a tashar Gombe ba.

Da la'asar gida ya cika. An sauke huhun goro, da jarkar manja, da garin rogo, da dilar atamfa ta anko. Jikoki 31 suka taru, waɗansunsu ba su taɓa ganin juna ba. Tsoho yana zaure bisa buzunsa, suna shiga ɗaya ɗaya suna durƙusawa. Ya gai da su da Fulatanci, suka yi tsuru-tsuru. Ya juya Hausa, manya suka amsa, ƙanana na Agege suka amsa da gaurayen Yarabanci da Turancin buroka. Ya yi dariya, ya jawo wata 'yar shekara 6 ya ce wannan ce amaryarsa, amma sai ta koyi gaisuwa kafin ya biya sadaki.

LITININ: GARDAMA

Babbar 'yar, wadda ƙannenta ke kira Adda, ta zo da tsarinta a shirye. Za a kama zauren taro na haya, a yi anko, a kawo kek mai hawa uku, a kira makaɗa, a yi liƙi. Hujjarta ita ce shekara da shekaru tana zuwa bukukuwan maƙwabtanta a Agege tana yin anko, tana ba da gudummawa, yanzu ga nata uban Allah ya raya shi, me zai hana a nuna wa duniya?

Wani ƙanenta da ke zaune a Gombe, malamin makarantar Islamiyya, ya ce faufau. A ganinsa bikin ranar haihuwa ba shi da asali a addini, koyi ne da waɗansu, kuma ba zai sa ƙafarsa wurin da ake kiɗa maza da mata a cakuɗe ba. Wannan saɓani ba na gidan nan kaɗai ba ne. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ake tafka muhawara a Arewa kan Mauludi da sauran tarukan da suka yi kama da shi, kuma gidaje da yawa a Gombe akwai ɗan ɗariƙa da ɗan Izala suna cin tuwo a akushi ɗaya. Malamai ma sun rabu. Waɗansu sun hana ɗungurungum, waɗansu kuwa sun ce in godiya ce ga Allah, da sadaka da sada zumunci, babu laifi, suna kafa hujja da azumin ranar Litinin da aka ruwaito Manzon Allah (SAW) yana yi, ya kuma danganta shi da ranar haihuwarsa.

Direban nan na Apapa ya ƙara da tasa. Ya tuna musu cewa liƙin kuɗi laifi ne a dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, hukuncinsa ɗaurin wata 6 ko tarar Naira 50,000, kuma a 2024 hukumar EFCC ta kai waɗansu sanannun mutane kotu a Ikko saboda haka.

Wanda ya kamata ya raba gardamar shi ne babban wa, watau Hamma. Amma shi ɗan fari ne, kuma a gidan Fulani akwai kunya tsakanin uba da ɗan fari. Tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa zama ya yi doguwar magana da mahaifinsa ido da ido ba, ko da yake shi kansa ya aurar da 'ya'ya. Saboda haka sai aka aika wa Goggo, ƙanwar mai gida, wadda ke zaune a Jekadafari. Ita ta shiga zaure bayan sallar Isha, ta daɗe, ta fito da amsa.

Ta ce: "Babanku ya ce ya gode, Allah ya yi muku albarka. Ya ce kek ku ba yara su ci a cikin gida. Kiɗa kuwa ba ya so. A sauke Alƙur'ani, a dafa abinci a ba maƙwabta da almajirai. Amma ya ce kada kowa ya sa ranar komawa sai kun raka shi gona."

Adda ba ta ji daɗi ba, malamin ma bai samu duk yadda yake so ba, amma maganar uba ta yanke. Anko dai aka bar wa mata, tun da an riga an sayo.

TALATA: WA YA CE 80 NE?

Wani jika da ke karatu a Jami'ar Jihar Gombe shi ya ta da wannan tambaya, cewa tun da Kaka ba shi da takardar haihuwa, da me aka san shekarunsa? Katin shaidarsa na ɗan ƙasa an rubuta 1 ga Janairu, kamar na dubban tsaransa. Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa yin rajistar banki ko neman fasfo na aikin Hajji ya san wannan 1 ga Janairu. Ranar da magatakarda ke rubutawa ce in mutum bai san tasa ba.

Mutanen da ba su ƙidaya da kalanda, da abin da ya auku suke ƙidaya. Tsohon ya ce mahaifiyarsa ta sha gaya masa yana goye a bayanta sa'ad da sojoji suka komo daga Bama bayan yaƙin Hitila. Yaƙin ya ƙare a 1945, sojojinmu kuwa suka yi ta komowa har cikin 1946. Ya ce yana yaro mai kiwon awaki aka yi ta labarin zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna, watau 1956. Ya ce ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe yana saurayi, gemu bai fito ba, har ya bar aiki ya tafi kallo, wannan kuwa 1963 ne. Aurensa na fari an ɗaura shi shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Sadakin aurensa na biyu da fam da sule aka biya, ana saura kaɗan a canja kuɗi zuwa Naira a 1973. Da aka jera waɗannan duka, lissafi ya tsaya a kan 1945.

Ya ga sarakunan Gombe uku: Sarki Abubakar Umar da ya rasu a 1984, da Sarki Shehu Usman Abubakar da ya yi mulki daga 1984 zuwa 2014, da Sarki Abubakar Shehu Abubakar na Uku. An haife shi cikin Lardin Bauchi, ya yi aure ya haihu a Jihar Arewa Maso Gabas, ya aurar da 'ya'ya a Jihar Bauchi, sa'an nan ran 1 ga Oktoba, 1996 ya wayi gari a babban birnin Jihar Gombe, alhali kuwa bai taɓa ƙaura daga garin ba.

Limamin unguwa da ya shigo gaisuwa ya ƙara wani abu da ya ba kowa dariya. Ya ce ai bikin nan an makara, domin shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Turawa da kwana 11. Wanda aka haifa a 1364 ga shi ana cikin 1447, ya wuce shekara 82 da lissafin wata. Tsoho ya ce to, a biya shi bashin tuwon shekara biyu.

LARABA: ASIBITI DA KASUWA

Tun ran Lahadi Adda ta lura mahaifinta yana gane mutane da murya, ba da ido ba. A waya kullum in an tambaye shi sai ya ce lafiya lau, 'yan gida kuwa sun saba gani har sun ɗauka tsufa ne kawai. Ran Laraba da sassafe aka ɗauke shi zuwa sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, abu ne da ake yi wa aiki mutum ya koma gani, amma sai an fara saukar da hawan jininsa. Aka ba shi magani, aka sa masa ranar komowa.

Nan take Hamma ya ce kuɗin da aka tara don kama zauren taro da sallamar makaɗa a ajiye su don aikin ido. Ba wanda ya musa. Adda da kanta ta kwance bakin zanenta ta ƙara.

Mata kuwa sun wuni a kasuwa. Shinkafa da masara daga Tudun Hatsi, kayan miya da man gyaɗa daga Babbar Kasuwa, aka yi cinikin sa ɗaya aka ɗaure a ƙofar gida. Da yamma tsakar gida ta zama kamar ta biki, ana tankaɗe, ana gyaran shinkafar masa, ana suyar cincin da dubulan. A nan ne Goggo ta ta da maganar da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Ta nuna matar autan gidan, ta ce shekara 9 ke nan yarinyar nan ita ke dama wa tsoho kunu da asuba, ita ke wanke tufafinsa, ita ke tashi cikin dare in ya yi tari, ga nata 'ya'yan, ga mijinta ɗan tireda ne da ba shi da ƙarfi. Ta ce masu aiko da kuɗi daga Kurmi an gode musu, amma kuɗin Sallah zuwa Sallah ba ya riƙe tsoho. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar taɓarya.

ALHAMIS: GONA

An yi ruwa da dare, gari ya waye da laima. Tsoho ya sa aka kira 'ya'yansa maza duka, da Adda a madadin mata, da mai unguwa, da dattawa biyu tsaransa. Aka shiga mota aka nufi bayan gari.

Gonar da ya gada, wadda a da sai an yi tafiya mai nisa cikin daji kafin a kai, yanzu gidaje sun kusa cim mata. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha gari yake ta faɗaɗa, gonaki suna komawa fulotai, dillalai suna zarya. Ta gefe ɗaya kuma kwari ya fara ci, irin zaizayar ƙasar nan da ta addabi unguwanni da yawa a Gombe. Ga masara ta yi kore shar, amma cikin 'ya'yan nan babu wanda zai iya nuna inda gonar ta fara da inda ta ƙare.

Aka riƙe masa hannu, ya bi iyaka da ƙafa. Daga tsamiya zuwa tururuwar da ke gabas, daga nan zuwa jerin aduwa da mahaifinsa ya shuka, har zuwa bakin kwari. Ya ce yankin da ke kudu ba nasa ba ne, na marayun ƙanensa ne, riƙo kawai yake yi. Ya ce wani yanki kuma jingina ce aka ba shi tun shekarar rikicin Maitatsine a Pantami, watau 1985, mai ita ya rasu amma 'ya'yansa suna Kumo, in sun kawo kuɗin a mayar musu. Jikan nan ɗan jami'a yana biye yana rubutawa, mai unguwa da dattawa suna shaidawa.

Da aka komo zaure ya faɗi waɗanda yake bi bashi da waɗanda suke binsa, har da kuɗin goro na wani abokin cinikinsa a Shagamu da ya rasu tun tuni. Liman ya yi bayani cewa gado ba a raba shi sai bayan rai, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji, amma bayyana bashi da amana tun mutum yana da rai abu ne da shari'a take so. Mai unguwa ya ba su shawara su je hukumar GOGIS mai kula da filaye su nemi takardar mallaka, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma wanda ba shi da takarda yana iya shan wahala in rigima ta taso.

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ya san yawan 'yan'uwan da suka daina gaisawa saboda iyakar gona da ba a nuna ba, mai nunawa ya riga ya kwanta dama.

JUMA'A: SAUKA DA WALIMA

Bayan sallar asuba malamai da almajirai suka zauna a ƙofar gida, aka rarraba izu 60, kafin hantsi an sauke. Aka yi addu'a ga mai gida, da iyayensa, da uwargidansa, da 'ya'yansa da suka riga shi. Malamin Islamiyyar nan da ya ce ba zai zo ba, shi ya karanta izu biyu, shi ya kuma tsaya kan rabon abinci.

Da aka sauko daga masallacin Juma'a sai baƙi suka fara zuwa daga Bolari da Herwagana da Tudun Wada da Kumbiya-Kumbiya. Ba kati aka raba ba, goro aka aika gida gida kamar yadda aka saba. An ci masa da miyar taushe, da shinkafa, da tuwon masara miyar kuka, aka sha fura da kindirmo. Abokan tsoho na zamanin auduga mutum 4 suka rage, aka shimfiɗa musu darduma wuri ɗaya, suna ta lissafin waɗanda babu su.

Kek kuwa a cikin gida aka yanka shi, tsakanin mata da yara. Jikokin Agege suka kawo wa Kaka yanki a faranti. Ya ɗanɗana ya ce wannan ai alkaki ne da bai ji wuta ba. Amaryarsa 'yar shekara 6 ta durƙusa ta gaishe shi da Fulatanci, gaisuwar da Goggo ta kwana biyar tana koya mata. Tsoho ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

ASABAR: SALLAMA

Kafin a ɗaura kaya 'ya'yan suka zauna su kaɗai, Hamma ya jagoranci zaman. Suka yanke abu huɗu. Kowane wata kowa zai aiko da abin da aka yanka masa gwargwadon ƙarfinsa, don abinci da magani. Matar auta za a ware mata nata daban, a kuma ɗauko wata 'yar'uwa ta riƙa taya ta. Na Mil 12 zai komo ya yi jinya in ranar aikin ido ta zo. Sa'an nan kowace shekara a babban hutu, 'yan Kurmi za su riƙa turo yara biyu biyu su yi wata guda a Madaki, su koyi harshe, su san danginsu.

Hamma ya shiga zaure yin ban kwana, ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba. Mahaifinsa bai kira sunansa ba, bai kuma dube shi ba. Ya dai ce wa Goggo ta gaya wa "mutumin Shagamu" ya yi hankali da hanya, kuma goron da ya kawo mai kyau ne. Waɗanda suka san gidan sun ce bai taɓa yabonsa haka ba.

ABIN LURA

'Yan'uwa mazauna Kurmi, mu duba da kyau. Yawancinmu abu biyu ke kai mu gida babu shiri, ko waya ta zo cewa jiki ya yi tsanani, ko kuwa an riga an rufe. Sa'an nan ne ake samun kuɗin mota ko ta halin ƙaƙa, a kwana a hanya, a zo a zauna kan tabarma kwana uku ana karɓar gaisuwa, wanda aka zo dominsa ba ya nan. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna matsakaicin tsawon rai a Nijeriya bai kai shekara 60 ba. Wanda Allah ya bar masa tsoho ɗan 70 ko 80 ya samu abin da mutane da yawa ba su samu ba.

Gardamar kek da kiɗa malamai za su ci gaba da yinta, kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Amma a gidan nan na Madaki, da ba a taru ba da ba a gano ciwon idon ba, da gonar marayu ta shiga cikin gado, da matar auta tana nan tana ɗauke da kayan mutum 9 ita kaɗai. Ko an kira shi bikin shekara, ko sauka, ko ziyara kawai, a sa rana a je tun ana iya gaisawa.

Wata shawara kuma, a yi wa yara rajistar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin dokar 1992 ta wajabta haka, kuma akwai ofisoshinta a ƙananan hukumomin Kudu kamar yadda suke a Arewa. Kada jikokinmu su zo suna lissafin shekarunmu da shekarar canjin kuɗi. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyaye, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.